Ina ruwan ku da sunan ta na yanka?

Akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a duniyar marubutan Hausa, kuma na lura wasu 'yan fim ma sun soma tsoma baki a ciki. Wai duk marubuciyar da ke sayar da littafin ta a intanet tilas ne ta fito da sunan ta na yanka, ta haɗa da na mahaifin ta, in so samu ne ma ta liƙa hoto. Masu wannan kira su na cewa ɓoye suna ne ya buɗe ƙofar batsa a adabin mu. A cewar su, da kowace ta san za a gane 'yar gidan wane ce, da ta ji kunya ta gyara alƙalamin ta. Sai su rufe da cewa ai mai gaskiya ba ya rufe fuska.

Ni ban yarda ba. Kuma kafin wani ya ɗauko takarda ya rubuto wa edita cewa an samu lauyan 'yan batsa a mujalla, bari in faɗa tun da wuri: akwai littattafan da ake sayarwa a waya waɗanda ko a hannun maƙiyi na ba zan so in gan su ba. Na karanta wasu, na san abin da na ke faɗa. Amma a ce maganin wannan cuta shi ne a tallata sunan kowace mace mai rubutu, wannan kam an bar jaki ana dukan taiki.

Ga wanda bai san yadda kasuwar ta ke ba, ga ta a taƙaice. Zamanin da marubuci zai kai littafi maɗaba'a, ya ɗauko katan-katan ya kai wa dillalai a Kano, ya koma gida ya na jiran ciniki, ya kusa zama tarihi, kamar yadda kaset da sidi su ka zama tarihi a Ƙofar Wambai. Yanzu budurwa ce ko matar aure a ɗakin ta, da waya a hannu. Za ta buga labari da 'yan yatsu biyu, ta saki shafi goma ko ashirin kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook. Sai labari ya ɗau zafi, an kai daidai inda amarya ta gano asirin uwargida, sai ta ce to, nan kyauta ta ƙare. Mai son ci-gaba ta tura N300 ko N500 ko N1,000 ta wannan lambar asusu, ta turo shaidar biya, a jefa ta cikin guruf. 'Yan Nijar kuma su turo kati. A saman shafin za ka ga Maman wane, ko Ummu wance, ko Matar wane, ko wani laƙabi da ta raɗa wa kan ta. Da wannan ɗari biyar-biyar ɗin wasu ke biyan kuɗin makaranta, wasu ke sayen maganin iyaye, wasu ke haɗa kayan ɗaki. Sana'a ce sosai.

To, abin da masu kiran nan ba su sani ba, ko kuwa sun sani sun yi shiru, shi ne sunan nan fa hukuma ta daɗe da sanin sa. Tun 2014 aka fito da BVN, lambar da ta ɗaure asusun banki da zanen yatsa da hoton mai shi. A Disamba 2020 gwamnati ta ce kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. A Disamba 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarnin cewa har ƙananan asusun nan na waya, irin su OPay da PalmPay, sai da BVN ko NIN. Ke nan duk wadda ta karɓi ko kwabo a hannun mai karatu ta hanyar banki, doka ta san ta, ta san layin ta. In ta rubuta abin da ya saɓa doka, ko ta cinye kuɗin mutane, ga 'yan sanda ga kotu, kuma su na da hanyar da za su bi su tambayi banki. Babu wata Ummu wance da ta fi ƙarfin sammaci.

Tunda haka ne, wa ake so ya san sunan? Ba alƙali ba, ya na iya samu duk ranar da ya buƙata. Maƙwabta ake so su sani, da dangin miji, da 'yan zaman majalisa, da matasan nan da ba su da aikin yi sai zagi a Facebook. Hukuncin da ake nema mata hukuncin unguwa ne, wanda babu lauya a cikin sa, babu ɗaukaka ƙara, kuma ba ya bambanta wadda ta rubuta batsa da wadda ta rubuta labarin yadda ake zaluntar matar da aka saka. A faɗi haka mana a fili, a daina fakewa da tarbiyya.

Matsalar da ni na ke gani ma akasin tasu ce. Sunan ya yi saurin fita. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya ya san da zarar ka buga lambobi goman nan ka zaɓi banki, cikakken sunan mai asusu zai fito maka ɓaro-ɓaro kafin ka tura ko sisi. An yi tsarin ne don kada mutum ya tura kuɗi inda bai nufa ba, kuma ya na da amfani. Amma ga marubuciyar da ta manna lambar ta a ƙarshen kowane shafi, ma'anar sa ita ce duk wanda shafin ya faɗo wayar sa, ko bai da niyyar sayen komai, zai iya sanin sunan ta da na mahaifin ta cikin daƙiƙa biyar. In asusun OPay ne ko PalmPay, galibi lambar asusun ita ce lambar wayar ta, sifirin farko kawai aka cire. Daga nan sai Truecaller ya ƙarasa aikin. Guruf ɗin WhatsApp shi ma ya na nuna wa kowane memba lambar kowa. Ita kuma shaidar biya da ake ɗauka a hoto a watsa a guruf, sunan mai saye da na mai sayarwa duk su na jiki. Har takardar Word da wasu ke turawa, in ka leƙa bayanan ta, sau da yawa za ka tarar da sunan mai kwamfutar da aka buga ta. Wace ɓuya ce wannan? Ɓuyar jimina ce, kai a rami jiki a waje.

Mutumin Kano zai iya cewa to sai me? A garin da A'isha Muhammad ta fi dubu, sunan banki ba ya kai ka ƙofar gidan kowa. Amma ba duk duniya ce Kano ba. Mu nan bakin tafkin Kainji, daga Warra zuwa Ngaski zuwa Yelwa har Shanga, in ka faɗi sunan mace da na uban ta, ka gama kwatance. Da yawan mu ma sunan garin ne a ƙarshen sunan mu, a takardar makaranta da ta banki. Yawancin ƙauyukan bakin ruwan nan sabon zama ne da aka gina wa mutane lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye tsofaffin garuruwan su a 1968, dangi aka kwaso aka zaunar wuri guda, kowa ya san kakan kowa. A irin wannan wuri ne ake so yarinya ta rubuta labarin auren dole da sunan ta na yanka?

Na san wata a Yelwa, ba zan faɗi unguwa ba. Matar aure ce, ta na da 'ya'ya, kuma da sanin mijin ta ta ke rubutu. Ta rubuta labarin wata uwar miji mai takura wa surukar ta, babu kalmar batsa ko ɗaya a ciki. Wata ƙanwar mijin, wadda ke bin labarin ba tare da ta san mai shi ba, ta zo biyan kuɗi, ta buga lamba, sai ga sunan matar yayan ta. Kafin magariba labari ya zaga dangi cewa wance ta sa tsohuwa a littafi ta na sayar wa duniya. Da ƙyar aka kashe wutar, kuma daga ranar ba ta ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Masu sayen da su ka biya su na can su na zagin ta wai ta gudu da kuɗin su. Wace tarbiyya aka gyara a nan?

Akwai kuma abin da ya fi surutun dangi nauyi. A ranar 17 ga Yuni, 2021 'yan bindiga su ka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri su ka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 su ka ga gida. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san tun daga lokacin mutane su ka koyi kame baki a kan abin da su ka mallaka. Ɗan kasuwa ba ya son a san ya yi ciniki, manomi ba ya son a ƙirga buhunan sa. Sai mace mai guruf na mutum ɗari uku, wanda ko yaron firamare zai iya lissafa abin da ya shigo mata, ita ce za a ce ta rubuta sunan ta da garin ta a saman kowane shafi? Wanda ke zaune a ofis mai sanyi ya na ba da wannan shawara ba zai biya mata kuɗin fansa ba.

Mu da mu ke bin harkar fim ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. 'Yar wasa ba ta da zaɓi, fuskar ta ce jarin ta, dole a gan ta. Kuma mun ga abin da hakan ke jawowa. A 2007, da abin da ya faru da Maryam Hiyana ya fasu, laifin mutum ɗaya aka ɗora wa industiri baki ɗaya. 'Yan matan da ba su ji ba ba su gani ba su ka kasa fita kasuwa, aka dakatar da shirya fim a Kano, aka naɗa Malam Abubakar Rabo shugaban Hukumar Tace Finafinai, Adam A. Zango ya shiga gidan yari a shekarar, Iyan-Tama ya bi baya a ƙarshen 2008. A 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau a kan bidiyon waƙa, a 2020 kuma aka yi mata ca a kan hotuna saboda abin da wani can daban ya rubuta a ƙarƙashin su. Ko ka na ganin sun yi laifi ko ba ka gani, abu ɗaya ba ka musu: in taron jama'a ya taso wa mace a ƙasar nan, ba ya tsayawa a kan aikin ta, sai ya bi ta har ɗakin uwar ta.

Sannan ga tsohuwar cutar 'yan kallon mu ta kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Wanda ya saba fitowa a mugu, kamar Shu'aibu Lawan Kumurci, wasu har gobe kallon mugu su ke masa. Masu karatu ma haka su ke. Mace ta rubuta labarin karuwa, a ce ta taɓa yi. Ta rubuta na mijin da ba ya adalci, a ce mijin ta ne. Ta rubuta na fyaɗe, a soma yi mata kallon tausayi a gidan biki. Namiji zai rubuta labarin ɗan fashi, ba wanda zai je ya binciki ƙarƙashin gadon sa.

Abin dariya ma, wai laƙabi baƙon abu ne da intanet ta kawo. A ƙasar Hausa? Ƙasar da mace ba ta faɗin sunan mijin ta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruka ba ta faɗin sunan surukin ta? Mu da mu ka mayar da sakaya suna alamar kunya da ladabi, yau mu ne za mu ce Maman wane rashin gaskiya ce? Mutum nawa ne su ka san Ɗan Maraya Jos sunan sa Adamu? Wa ya taɓa cewa ba zai saurari Barmani Choge ba sai an kira ta Sa'adatu? A fim, Rabilu Musa ya rayu ya rasu a 2014 duniya na ce masa Ibro, marigayiya Hauwa Ali Dodo kuma Biba. Bosho da Daushe, yara da yawa ba su san su na da wani suna ba. A rubutu, Hajiya Bilkisu Funtuwa, mai "Allura Cikin Ruwa" da "Ki Yarda Da Ni", Anti Bilki masu karatu ke ce mata. Jaridar New Nigerian ta Kaduna ta yi shekaru da shekaru ta na buga filin Candido, wanda aka zana shi da abin rufe fuska, ya na caccakar masu mulki, manyan 'yan boko na tafa masa. Ba a ce masa matsoraci ba. Ashe rufe fuska jarunta ce in namiji ne da Turanci, sai mace ta yi da Hausa ya zama abin zargi.

Za a ce ai waɗancan duk an san fuskokin su, laƙabin ado ne kawai. To, mu je Masar. A'isha Abdurrahman, haifaffiyar Dimyaɗ a 1913, 'yar malamin addini ce mai tsanani, wanda ba zai lamunci ganin sunan 'yar sa a jarida ba. Sai ta riƙa sa hannu da Bintush Shaɗi', wato 'yar bakin gaɓa, sunan da in da a Warra aka raɗa shi da ya zauna daram. Da wannan suna ta yi rubutu a jaridar Al-Ahram, ta zama farfesa, ta rubuta tafsiri da tarihin matan gidan Manzon Allah (SAW), ta karɓi kyautar Sarki Faisal a 1994, ta rasu a 1998. Da tun ranar farko an tilasta mata sa sunan ta na yanka, da wataƙila rubutun ya mutu a ranar. A Ingila ma Mary Ann Evans da sunan namiji, George Eliot, ta fitar da littattafan da har yau ake karantawa a jami'o'i.

Hujja ɗaya da na ji wadda ta ke da ɗan nauyi ita ce ta masu cewa ai marubuta waƙoƙin mu na da, su kan ambaci sunan su a baitocin ƙarshe, don a san mai magana. Gaskiya ne. Amma da son ran su su ka yi, kuma dalilin a fili ya ke: waƙa na yawo daga hannu zuwa hannu ana kwafa, in ba ka ɗaure sunan ka a jikin ta ba wani zai ɗauka. Laƙabin da mutum ya tsaya a kan sa ya na yin wannan aikin daidai. Kuma ba a taɓa jin wanda ya haɗa da adireshin gidan sa da lissafin abin da ya samu ba.

Ita kan ta doka ta san da wannan. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta amince da aikin da aka fitar da sunan aro ko ba suna, ta kuma ba shi kariya ta shekara 70 daga fitowar sa. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, a Yuni 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Saboda haka wanda ya ɗauki hoton sunan marubuciya daga manhajar banki ya watsa a Facebook ya na cewa "ga ta nan, ku gan ta", shi ne ya kamata ya soma tunanin lauya.

Mun ma taɓa bin hanyar nan, ba ta kai mu ko'ina ba. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. A 2008 Hukumar Tace Finafinai ta nemi kowane marubuci ya je ya yi rajista shi kaɗai, marubuta su ka ce ba su san zance ba, aka yi ta ja-in-ja har sai da shugabannin ƙungiyar ANA na ƙasa su ka shigo cikin maganar. Wasu daga cikin waɗanda su ka tsaya tsayin daka a lokacin, su ne yau ke neman a yi wa ƙannen su abin da su ka ƙi a yi masu. Sun manta cewa su ma a shekarun 1990 an kira aikin su Adabin Kasuwar Kano, an ce su ne ke lalata 'yan mata. Tsohon ɗan tasha ya zama limami, ya manta hanyar tasha.

Me ya sa na dage cewa wurin biyan kuɗi ne ramin? Saboda ko manyan duniya ta nan aka kama su. Akwai wata marubuciya a Italiya da ke amfani da sunan Elena Ferrante, littattafan ta sun zaga duniya, an mayar da wasu fim, amma ta ce ba ta son a san ta. A Oktoba 2016 wani ɗan jarida, Claudio Gatti, ya bi sawun kuɗin da kamfanin ɗab'in ta ke biya da takardun sayen gidaje a birnin Rum, ya fito ya nuna wata mata ya ce ita ce. Bai gano ta ta salon rubutu ba, ta aljihu ya bi. Marubuta da masu karatu da dama su ka yi masa tofin Allah tsine, su na tambayar sa laifin me ta yi da ya cancanci wannan farauta. J.K. Rowling kuwa, mai Harry Potter, da ta fitar da littafi a 2013 da sunan Robert Galbraith, wani lauya ne a kamfanin da ke mata aiki ya tsegunta wa ƙawar matar sa, ita kuma ta fesa a Twitter. Wata uku kacal sirrin ya yi. In masu lauyoyi da miliyoyi sun kasa, ina ga yarinyar da ke Shanga da ƙaramar Tecno?

Don haka maimakon wa'azin a fito da suna, ga aikin da ya dace manya su yi. Marubuciya na buƙatar inda za ta karɓi kuɗi ba tare da sunan ta ya fito a wayar mai saye ba. Hanyoyin da su ke bi yanzu duk na wahala ne. Mai karɓar kati sai ta karyar da shi kafin ya zama kuɗi. Mai amfani da asusun yaya ko na miji ko na mai POS ɗin unguwa, ta miƙa wuyan ta ga wani, ranar da aka ɓata ba ta da shaidar komai. Hanyar da ta fi ita ce a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, a buɗe asusu da shi, mai saye ya ga sunan shago. Ko shi ba katanga ba ce, labule ne, don mai naci zai iya bin takardun CAC ya gano mai shi, amma ya isa ya tsayar da ƙanwar miji mai buga lamba. Akwai kuma dandali irin su Selar da ArewaBooks, inda mai saye ke biyan dandalin, shi kuma ya biya marubuci bayan ya cire nasa kason. Sai dai kada a kwashe ƙwai duka a zuba a kwando ɗaya: OkadaBooks, wanda marubutan Nijeriya da yawa su ka dogara da shi tun 2013, ya rufe a Nuwamba 2023. A ware layin sana'a daban da na gida. A yi amfani da tashar WhatsApp, wadda ba ta nuna wa mabiya lambar mai ita, ko Telegram, wajen talla. A daina watsa shaidar biya a guruf, don ita ma mai sayen ta na da sirrin da ya kamata a kare mata.

Ina ƙungiyoyin marubutan? Ka buɗe kowane littafin waya za ka ga tambarin wata ƙungiya a saman sa, da taurari da furanni da kirari. Me zai hana ƙungiya ta yi rajista, ta buɗe asusu ɗaya da sunan ta, ta riƙe littafin lissafi, kowace memba a ba ta nata a ƙarshen mako? Ƙungiyar ta san sunan kowa na gaskiya, ta adana shi, ba ta bayarwa sai da takardar kotu. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da 'yan Raina Kama, da ba su da intanet ba su da komai, sun iya haɗa kai su ka tallata littattafan juna har su ka kafa kasuwa. Na yanzu sai taron karramawa da rabon kambu.

Su ma marubutan ba zan ƙyale su ba. 'Yar'uwa, in kin zaɓi laƙabi, to ki zauna a kan sa. Laƙabin nan shi ne sunan ki a kasuwa, shi za mu yaba, shi za mu soka, shi za mu bi bashi. Wadda za ta karɓi kuɗin mutum ɗari biyu, ta kai labari tsakiya ta ɓace, bayan wata uku ta dawo da sabon suna da sabon guruf, wannan ɓarauniya ce, kuma ita ke ba masu kiran nan makami. Haka mai suna biyu, ɗaya na littafin fadakarwa ɗaya na ƙazanta. Mu masu sharhi aikin mu ne mu kira littafi da sunan sa, mu kira laƙabin mai shi, mu ce wannan shara ce kada a saya. Ban taɓa buƙatar sanin sunan mahaifin darakta ba kafin in ce fim ɗin sa bai yi ba. In ƙungiya ta kori mai irin wannan hali, masu karatu su ka juya mata baya, an taɓa ta inda ya fi mata ciwo, wato aljihu, ba tare da an jefa sauran mata ɗari cikin haɗari ba.

Sai 'yan'uwa na 'yan fim. Tun da kasuwa ta koma YouTube da finafinai masu dogon zango, yunwar labari ta ƙaru, kuma kowa ya san inda wasu ke zuwa ɗiba. A da, in za a mayar da littafi fim, kamar yadda aka yi da "In Da So Da Ƙauna" ko "Alhaki Kwikwiyo", an san mai littafin, da shi ake zama. Yanzu wani sai ya karanta labarin Ummu wance a waya, ya canza sunayen taurari, ya kira 'yan wasa lokeshin, don ya san ba za ta iya fitowa ta yi rigima ba tare da ta tona kan ta ba. Masu karanta littattafai a tashoshin YouTube su na karɓar kuɗin talla ba da izni ba, su ma wannan raunin su ke ci. Maganin sa shi ne marubuciya ta adana rubutun ta na asali da kwanan watan sa, ta yi masa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, in ciniki ya zo a rubuta yarjejeniya da sunan ta na gaskiya, a sa sharaɗin cewa laƙabin ta ne zai fito a fosta da farkon fim, kuma furodusa ba shi da iznin faɗa wa kowa ko wace ce. Ƙungiyar ta ko lauyan ta su tsaya mata a gaba. Furodusan da ya ce shi ba zai sa hannu a irin wannan takarda ba, a tambaye shi dalili.